Sanyin Ɗakin Inna

Auta ta fizge bargon daga kan jaririn kamar ta hango kunama a ciki. Ko jakar aiki ba ta sauke daga kafaɗa ba.

"Inna! Bargo kuma? Har da hula? Taɓa ƙeyarsa ki ji, sharkaf da gumi."

Inna ta kai hannu bayan wuyan jikan nata. Gaskiya ne, da danshi. Ta janye hannun ta goge a zani.

"Don Allah ki saurare ni," in ji Auta, tana zare wa yaron hular. "Nas ta ce rigingine za a kwantar da shi, a gadonsa, shi kaɗai. Ba filo, ba bargo, ba hula in zai yi barci. Bargon nan in ya ja shi ya rufe fuska, ba shi da ƙarfin turewa. Kaya kuma, abin da babba ya sa ya ji daidai, riga ɗaya kawai za a ƙara masa a kai. In kina son sanin ko yana jin sanyi, ƙirji za ki taɓa ko ƙeya, ba hannu ba, hannun jariri kullum da sanyi yake. Kuma kada ki ɗauke shi ki kwanta da shi, barci ya kwashe ki ki danne shi."

Inna ba mai gardama ba ce. Ta taɓa ganin maƙwabciya ta wayi gari da jariri ba rai a ƙarƙashin lulluɓi, aka ce kwana ne ya ƙare.

"Na ji, kuma na yarda," ta ce. "To amma ɗakin fa, Auta?"

Su duka suka dubi tagar. Ɗakin shi ne na ƙarshe a gidan, wanda iska ke fara bugu. Kafin zuwan Inna ɗakin ajiya ne, har yanzu ma kwalayen kayan shagon mijin Auta sun cinye rabinsa. Gilashin tagar ya fashe ta ƙasa, an toshe da kwali, kwalin kuma ya sha raɓa ya lanƙwashe. Da hutun haihuwar Auta ya ƙare za ta koma aiki aka ɗauko Inna ta yi raino. Da farko rainon rana ne. Daga baya maigidan ya ce kukan yaron na hana shi barci, sai aka turo gadon jaririn nan, kusa da katifar Inna.

"Baban Ango ya ce zai kira mai gilashi," in ji Auta. Ta sumbaci yaron a goshi ta fita.

Ango, sunan da Inna ta laƙaba wa jikan ke nan, har ya bi shi. Da magariba ta yi ta shirya shi yadda aka ce: 'yar singileti, doguwar riga mai haɗe da ƙafa, sannan rigar sanyi ɗaya. Ta kwantar da shi rigingine a gado fayau, ba ko ƙyalle. Yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu yana kallonta.

"Kai dai anyi angon banza," ta ce masa. "Ka auro mace ba ka tanadi ɗaki ba? Dubi inda ka ajiye ni, tsakanin kwalaye."

Ya wangale mata baki ba haƙori.

Ba ta runtsa ba. Da kwalin tagar ya motsa sai ta zabura ta lalubi ƙirjin yaron. Ta koma ta kwanta, ta sake tashi. Ta matsar da gadon daga saitin taga, ta ga ya matso bango mai sanyi, ta sake mayar da shi. Hannunta ya kai ga ƙaramin bargonsa ya fi a ƙirga, sai ta tuna fuskar maƙwabciyar nan ta janye. A ƙarshe ta cusa shi a ramin tagar. Bai toshe ba. Ta yi tunanin garwashi a kasko, ta kore tunanin, don ta san abin da hayaƙin gawayi ke yi a ɗaki rufe. Wajen asuba ƙirjin yaron ya yi sanyi, ya fara wani siririn kuka. Ta ɗauke shi ta rungume tana zagaye ɗakin a tsaye, don kada ta zauna barci ya sace ta.

Da gari ya waye, bayan masu gida sun fita, ta shimfiɗa nata bargon a ƙasa. Mai laushi ne, ba nauyi, shi kaɗai ta zo da shi. Ta auna tsawon Ango da tafin hannu, ta sa almakashi. Idonta ya yi rauni, zura zare a allura ma sai da ta fita hasken rana, amma kafin la'asar ta ɗinka wata 'yar jaka mai wuya da kafar hannu biyu. Ta tsuke wuyan daidai yadda ba zai haura haɓarsa ba, ta bar ƙasan da faɗi don ya sami wurin harba ƙafa, ta sa maɓallai a kafaɗa. Sauran bargon ta rataya a tagar, ta danne gefensa da kwali.

Auta na gani ta yi tsalle.

"Kai, Inna! Ai irin wannan ake sayarwa a manyan kantuna. Nas ma ta ambace ta." Ta zaro waya ta ɗauki hoton Ango a cikin jakar, ta aika wa ƙawayenta. Tana ta dariya tana karanta amsoshinsu. Ba ta tambayi inda yadin ya fito ba.

Sai da ta juya za ta fita Inna ta ce, "Auta, in da wani bargon da ba kwa amfani da shi, ki taimaka mini."

"Akwai mana, a cikin akwati, can saman durowa. Ya yi mini nisa, sai Baban Ango ya sauko da shi. Ki tuna mini."

Inna ta tuna mata washegari, aka ce ya riga ya kwanta. Ta sake tunawa, aka ce ya fita da wuri. Da ta ƙara, Auta ta ɗan ɓata rai ta miƙo mata zanin gado mai shara-shara.

"Riƙe wannan tukuna. Wallahi kaina ya yi zafi yau, Inna, tun safe nake tsaye ina fama da mutane."

Akwatin na nan a ɗakin suruki. Inna kuwa ko a mafarki ba za ta taka ɗakin mijin 'yarta ba. In ta wuce ta ƙofar da safe, ɗumi ke fitowa ta ƙarƙashinta ya shafi ƙafarta, don a can hitar ɗumama ɗaki take, ita kaɗai a gidan.

Shi surukin ba a raba shi da ladabi. Kullum kafin ya fita sai ya zo bakin ƙofa ya rusuna.

"Inna, kun tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne," take amsawa, don haka ake amsawa.

Ran nan ta daure, ta kau da kai gefe ta ce, "Tagar nan dai, Baban Ango. Saboda yaron."

"Wallahi Inna, mai gilashin nan ya gama da ni. Kullum gobe, kullum gobe. Amma ku ƙara haƙuri, so nake a kwashe kwalayen nan a yi wa ɗakin gyara gaba ɗaya, har fenti. Gyaran guntu-guntu ɓarnar aiki ne." Ya leƙa gadon ya yi wa ɗansa wasa da mukullin mota. "Ga shi nan ma ɓul-ɓul, ai yana jin daɗin hannunku."

Ango kam yana jin daɗi. Tunda ya sami jakarsa yake barci, ƙirji da ɗumi, ƙeya a bushe. Amma Inna ba ta daina tashi ba. Sanyin yanzu ita yake ci. Tana kwanciya da duk kayan da ta zo da su, riga kan riga, ta naɗe da mayafi da zanin gadon, duk da haka sai ta ji kamar ana zuba mata ruwa a ƙashin baya. Ta juya dama, haƙarƙari ya amsa. Ta juya hagu, gwiwa ta riƙe. Ta tashi ta taɓa yaron, ta gyara bargon taga, ta ɗumama madarar da Auta ta tatsa ta bari, ta ba shi, ta canza masa nafkin da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Sai ta tsaya tana hura hannunta kafin ta taɓa fatarsa. Da rana kuma ga wankin kayansa, ga shara, ga girki, tunda, in ji Auta, "kina gida ai."

Wata ranar hutu suna ninke kayan shanya ita da Auta, Inna ta ce, "Da za ku ara mana hitar nan, ko zuwa asuba ne."

Auta ta rage murya, ta dubi ƙofar ɗakinsu.

"Inna, kin san shi, da sanyi ya buge shi mura ke kwantar da shi. Kuma shi ke tuƙi mai nisa zuwa shago. In ya kwanta wa zai riƙe gidan?"

"To ku mayar da yaron wurinku. Ni ko ina na kwanta."

"Kukansa fa? So kike mu yi ta rigima?" Ta yi 'yar dariya ta dafa kafaɗar uwar. "Ku mutanen da ai ƙashinku ƙarfe ne. Dama tsofaffi wane barci kuke yi?"

Tarin ya fara a hankali, busasshe. Inna na toshe baki da mayafi don kada ta tayar da Ango. Sai ya sauka ƙirji, ya zama in ta ja numfashi kamar ana soka mata tsinke a gefen dama. Auta ta ji shi ta bango, ta zo da safe fuska a tsorace.

"Inna, tarin nan! Kada fa ki shafa masa."

Ta kawo takunkumi da ƙwayoyin zazzaɓi, ta ce in Allah ya kai mu hutun mako za su je asibiti. Hutun ya zo, baƙin maigidan suka cika falo, Inna ce ma ta tsaya a kicin. Na gaba ya zo, aka ce mota na wurin gyara.

Ta fara mantuwa. Ta ɗora ruwa a wuta ta bar shi ya ƙone. Ta sa wa Ango riga a bai-bai. Tsakar rana sai ta ji jikinta na rawa, haƙora na haɗuwa, can kuma gumi ya karyo. Ta kan tsinci kanta tsaye a tsakiyar ɗaki da safar yaron a hannu, ba ta san abin da ta taso yi ba. Abu ɗaya ne bai kuɓuce mata ba: rigingine, ba bargo, ba hula, taɓa ƙirji. Tana maimaita shi a ranta ko tana tafiya.

Ranar da abin ya faru, gari ya fara haske Ango ya farka da kuka. Ta tashi da ƙyar, ɗakin na juya mata. Ta ɗauke shi, ta ba shi madara a tsaye kamar kullum, amma ƙafafunta suka ƙi. Ta ce bari ta ɗan zauna a bakin katifa, ta jingina da kwali, ya gama sha kawai ta mayar da shi. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗarta. Ɗumin jikinsa ya ratsa ƙirjinta, ɗumin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba.

Ƙarar kwalbar da ta faɗi ƙasa ce ta farkar da ita. Ta duba hannunta ba ta ga fuskar yaron ba. Ya zame, kansa ya nutse tsakanin hammatarta da ninkin mayafi, ƙafafunsa na ɗan motsi a cikin jaka, ba sauti.

"Innalillahi!"

Ta fizge mayafin ta ɗago shi. Fuskarsa ta yi jawur, gashi ya manne da gumi. Ya buɗe baki ba abin da ya fito. Ta hura masa fuska, ta shafa bayansa, tana kiran sunan Allah. Sai ya ja wani dogon numfashi ya tsala ihu.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ɗakin surukin ba. Tunda ta zo gidan ba ta taɓa buga ta ba. Ta buga da tafin hannu, ta sake bugawa.

Shi ya buɗe, da 'yar singileti, ɗumin ɗakin ya bugo ta.

"Inna? Lafiya da sassafe haka?"

Ta bi ta gefensa da kallo zuwa ga Auta da ke zaune a kan gado.

"Karɓi ɗanki. Barci ya kwashe ni da shi a hannu. Saura kaɗan."

Auta ta diro ta warce yaron, tana duba fuskarsa, tana kuka.

"Ban ce kada ki bari barci ya kwashe ki da shi ba? Ban faɗa ba? Inna, kashe mini shi za ki yi? Abu ɗaya na roƙe ki, ɗaya tak!"

"A yi haƙuri, a yi haƙuri," in ji surukin. "Tsufa ne. Allah ya kiyaye gaba."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, tari ya sarƙe ta. Ta kai hannu za ta dafa bango, bangon ya yi nisa.

A gadon asibiti ta farfaɗo, da robar iska a hanci, ana yi mata ƙarin ruwa. Likita ya ce sanyi ne ya kama huhun dama, ya ci ƙarfinsa, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Wata nas mai ƙiba tana gyara mata filo ta tambayi Auta, "Wai a ina take kwana ne? Jikinta kamar wadda aka tsamo daga rijiya."

"Ɗakinta daban," in ji Auta da sauri. "Ita kaɗai. Kin san tsofaffi, ba sa faɗa in abu na damunsu."

Inna ta rufe ido.

Kwanaki suka ɗan ja kafin ta iya zama. Da yamma Auta ta zo dubiya ita kaɗai, ta bar Ango a mota wurin ubansa, don ba a shiga da jarirai. Ta ajiye ledar lemu ta zauna a bakin gado. Idanunta sun faɗa.

"Ya Angona?" in ji Inna. Muryar ta dushe.

"Lafiyarsa ƙalau, an duba shi."

"Kina sa masa jakar? Ki riƙa duba maɓallin hagu, yana son cirewa."

"Ina sawa. Inna, albishirinki, an gyara tagar! Har an sayo sabuwar hita."

Inna ta dube ta.

"Yaushe?"

"Washegarin da aka kwantar da ke. Ai ni na kwana da shi a ɗakin, saboda babansa ya samu barci. Wallahi Inna ɗakin nan ba ya kwanuwa, ƙanƙara ce zalla. Ban runtsa ba. Gari na wayewa na ce masa ko a gyara yau ko in kwashe yaron mu dawo ɗaki. Kafin azahar mai gilashi ya zo ya gama."

Ta faɗa da fara'a, tana ɓare lemu. Sannan ta ɗago kai.

"Dare ɗaya," in ji Inna.

"Na'am?"

"Dare ɗaya kika yi a ciki, aka samu mai gilashi."

Hannun Auta ya tsaya a kan lemun.

"Haba Inna. Ai ba ki faɗa mana abin ya kai haka ba."

"Na ce taga. Na ce bargo. Na ce hita. Wanne ne ban faɗa ba?"

"Kin faɗa, amma ba ki nuna..." Ta kasa ƙarasawa. Hawaye ya zubo mata. "Ni ma fa a tsakiya nake. Ga aiki, ga shi, ga yaro. Wa zan bi?"

"Duk abin da nas ta gaya miki a kan ɗanki kin riƙe, ba ki zubar da ko ɗaya ba, kuma kin kyauta. Kullum kina shigowa ɗakin nan ki taɓa ƙirjinsa. Ina zaune a gefe, Auta. Hannu kawai za ki miƙo."

Auta ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen gyale. Waya ta yi ƙara a jakarta, maigidan ne, yaron ya fara kuka. Ta miƙe, ta ce gobe za ta dawo, ta ja labulen gadon ta fita.

Labule ba ya tare magana. Inna ta ji takunta ya tsaya wurin teburin nas, ta ji ta rage murya.

"Don Allah, ko za a iya sallamarta kafin Litinin? Hutun da na ɗauka ya ƙare, kuma ba ni da mai riƙe mini yaro."

Inna ta daɗe tana kallon silin. A ɗakin nan gadaje cike suke da tsofaffin mata, kuma da za a bi su ɗaya-ɗaya, da an ji inda kowace take kwana a gidan ɗanta ko 'yarta: falo, kicin, ɗakin ajiya. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya ɗaga musu hannu. Ana rusuna musu da safe, ana ce musu albarkar gida.

Ta ɗaga labulen ta roƙi matar da ke jinyar gadon kusa ta ara mata waya. Ta karanto mata lambar babban ɗanta, wanda ke zaune a wani gari da iyalinsa. Ya ɗauka da sallama, ya yi mata sannu, ya ce aiki ne ya hana shi zuwa.

"Ba komai," in ji Inna. "In an sallame ni, ka zo ka ɗauke ni. Ba zan koma gidan ƙanwarka ba."

Ta shirya jin ya ce ta yi haƙuri. Sai ta ji muryarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Inna, kamar kin shiga zuciyata. Dama mai ɗakina watanta ya kama, muna ta tunanin yadda za mu ɓullo miki. Akwai ɗan ɗaki a baya, kaya ne kawai a ciki, sharewa za a yi. Ke dai ki yi sauri ki warke."

Inna ta sauke wayar daga kunne. Muryarsa na ci gaba da fitowa, ƙarama, yana lissafa abin da za a gyara.

"Kin gama, Baba?" in ji mai wayar.

"Na gama," ta ce, ta miƙa mata.